Fadama, tafki ko dausayi? Mu tsayar da suna ɗaya

1/ Duk ranar 2 ga Fabrairu, in an zo fassara labarin ranar "wetlands" ta duniya, sai kowa ya kama gabansa. Wannan ya ce fadama, wancan ya ce tafki, wani ya ja dogon zance har numfashi ya ƙare. 'Yan uwa masu aikin fassara, ina so mu tsaya kan kalma ɗaya, musamman saboda irin waɗannan wurare masu ruwa da ke cikin gari, don su ne ke ɓacewa muna kallo.

2/ Yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar, ƙasar Iran, a 1971, ta faɗaɗa ma'anar "wetlands" sosai: duk inda ruwa ke kwanciya, ko shekara cur ko da damina kawai, ko Allah ya yi shi ko mutum ya haƙa.

3/ Fadama ce ta fi saurin zuwa baki, amma noma ya riga ya cinye ta. Tun da aka yi shirin Fadama na Bankin Duniya, da ka ambace ta sai a hango injin ban ruwa da kwandunan tumatir. Ka ce "a kare fadama" a rediyo, manomin rani zai ɗauka gonarsa ake so a karɓe. Ba wanda zai tuna da zalɓe.

4/ Tafki kuwa ruwan kaɗai yake nunawa. Ya bar gefen, inda laka da ciyawa suke, alhali nan ne rayuwar take.

5/ Kududdufi shi ya fi ba ni tausayi. Yawancin na cikin Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, ruwan sama ya cika su. A unguwarmu akwai wani da na taso ina gani: kainuwa ta rufe rabinsa, belbela na sauka da yamma, kwaɗi su hana mu barci a watan Agusta, yara su tono gaiwa cikin busasshiyar laka da rani. Aka yi ta jibga masa shara har ya cike, aka yanka filaye. Daminar da ta biyo baya ruwa ya rasa wurin zuwa, ya shigo mana tsakar gida har gwiwa. Babu wanda ya ɗaga murya lokacin cikon, kuma ina ganin sunan ya taimaka. Da ka ce kududdufi, wari da sauro ake ji.

6/ Shi ya sa na zaɓi dausayi. Kalma ce tamu tun kaka da kakanni: ƙasa mai danshi da ke zama kore bayan ko'ina ya bushe. Ta ɗauki ruwan, ta ɗauki gefensa, kuma ba ta ɗauke da raini. An ma riga an saba cewa dausayin Haɗejiya da Nguru, inda dinya da kirinjijiya ke taruwa tare da tsuntsayen da ke tahowa daga Turai lokacin hunturu.

7/ "Habitat" kuma, wato inda wata halitta ke rayuwa, mu ce mazauni. Muhalli ya riga ya tafi ga wata ma'ana mai faɗi.

8/ Kada a ce dausayi sai daji. A gabashin Kolkata ta Indiya akwai mai faɗin hekta 12,500, an sa shi cikin jerin muhimman wurare na yarjejeniyar Ramsar a 2002. Ruwan kwatamin birnin ke malala cikinsa, rana da gansakuka su tace shi, a kiwata kifi, a noma kayan miya a mayar wa birnin.

9/ Don haka ga abin da zan riƙa rubutawa daga yau: dausayi, dausayin gari ga na cikin birni, sai mazaunin halittun dausayi. Jimlar farko da na gwada ita ce: "An hana zubar da shara a dausayin garin nan, mazaunin belbela da gaiwa ne." Na karanta wa mahaifiyata, ba ta tambaye ni ma'anar ko kalma ɗaya ba.