Yadda ake adana hanta kafin dashe a binciken dabbobi

Ga abin da na tsinta a zaman da muka yi da ɗaliban likitancin dabbobi a Ngaundere ta ƙasar Kamaru, muna shan shayi bayan la'asar.

Kowa ya yarda sanyi ne farko. Da an cire hantar, a wanke jinin da ke jijiyoyinta da ruwan adanawa mai sanyi, a ajiye ta a kusan digiri 4. A cikin ire-iren ruwan adanawa, ruwan UW, wanda masu bincike Belzer da Southard suka haɗa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, shi aka fi ambata, sai HTK na Jamus da ba shi da kauri, yana ratsa ƙananan jijiyoyi da sauri. Wani dattijon malami ya ja kunne: kada ƙanƙara ta taɓa naman kai tsaye, kuma a rubuta minti nawa hantar ta yi babu jini. Ɓarnar, in ji shi, tana bayyana ne idan jini ya dawo.

A kan injunan adana hanta aka yi gardama. Akwai mai zagaya ruwan sanyi da iskar oksijin, akwai mai tura jini a digiri 37, har a ga hantar tana fitar da ruwan ɗaci. Na biyun ya burge matasa, amma ni na tuna yadda wuta ke ɗaukewa a nan.

A 2014 masu bincike a Boston sun ajiye hantar ɓera a digiri 6 ƙasa da sifili ba ta daskare ba, kwana 3, aka dasa, ɓerayen suka rayu. Shawarar malamin: a fara ƙwarewa da ɓera da akwatin sanyi tukuna.