Miki a harshen Baba ya kai wata ɗaya, in kai shi Birnin Kebbi ko in ƙara jira?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina ne a Argungu, ya haura shekara 60, miki ya fito masa a gefen harshe daidai wani haƙori da ya karye. Yau wata ɗaya. Mai kemis ya ba shi Ampiclox, ya shanye, babu sauƙi. Tuwo ya gagara sai kunu, kuma yana sa taba gari a baki. Yayana ya ce a ci gaba da bagaruwa, ni kuma hankalina bai kwanta ba. In ɗauko shi zuwa likitan haƙori ko in saurara?

Ɗan Jega: Basir ne ya hau sama. A nemi saiwa a jiƙa masa.

Ummu Sadik: Zuma kawai. Yarana da ya fito musu nake shafawa, kwana biyar ya tafi.

Nas Hadiza: Ummu, na yaranki daban. Irin wannan ƙaramin mai farin tsakiya da jan gefe, cizon kunci kan kawo shi, ko gajiya da damuwa, ko ƙarancin sinadarin ayon da bitamin B12. Ba ya yaɗuwa, cikin sati 1 zuwa 2 yake warkewa, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri ya isa. Ampiclox ba maganinsa ba ne. Amma duk mikin da ya wuce sati 3, ga shekaru, ga taba, sai likita ya gani. Wataƙila kaifin haƙorin ne ke gurzarsa, a gyara a huta. Ki kai shi.

Abu Bunza: Haka muka yi da kawuna, Allah ya jiƙansa. Aka ce zafi ne, aka ce sammu ne. Wani mai magani ya ƙona wurin da kanwa, tsoho yana hawaye muna riƙe da shi. Mai kemis ya yi ta dirka masa allura yana karɓar kuɗi, bai taɓa cewa ku tafi asibiti ba. Da muka isa Sakkwato harshen ya yi tauri, wuya ya kumbura, likita ya ce ciwon daji ne, mun makara. Buhunan shinkafarsa na rani duk a nan suka ƙare. Har yau ba na bi ta gaban shagon nan.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya gafarta masa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ɗan Jega: Kun tsorata baiwar Allah. Asibiti kati kaɗai 5,000 ne.

Bello Kalgo: Ina? 1,500 na biya, har aka cire min haƙori ban kashe 10,000 ba.

Ummu Sadik: Na kuɗi kika je za su ce 25,000.

Sarkin Raha: Mutumin Argungu fa! A duba da kyau, kada ƙayar kifi ce ta maƙale tun ranar bikin kamun kifi.

Ɗan Jega: Kakanninmu da bagaruwa suka rayu. Nas ai ba likita ba ce.

Nas Hadiza: Shi ya sa na ce a je wurin likita, malam. Kai da ka ce basir, a ina ka duba shi?

Bello Kalgo: Ni abin da ke ci min rai yaran da ake bari a shagunan magani. Yaro bai gama sakandare ba yana haɗa maka kala huɗu a leda. Ga zafin nan, magani na gasuwa a kwano ba fanka.

Abu Bunza: Kuma wa ke duba su? A garinmu shago uku ne a layi ɗaya.

Maman Hanif: Don Allah, wace rana ake ganin likitan haƙori? Kuma sai da takarda daga asibitin Argungu?

Ɗan Jega: Masu tallar magani a tasha da lasifika fa, su ba ku gan su ba?