Masu dukanci don sha'awa, me ya same ku a aikinku na farko?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina sha'awar dukanci, ba don neman kuɗi ba, sai don hannuna ya sami abin yi idan na tashi daga aiki. Makon jiya na sayi guntun fata mai laushi da niyyar ɗinka 'yar lalita, amma da na sa wuƙa sai fatar ta riƙa miƙewa tana zame wa kaifin, gefen ya fito a karkace, ramukan ɗinkin kuma babu biyu da suka daidaita. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka gamu da shi a farko, da yadda suka gyara.

Wani mai shekara shida yana yi:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina kyautata zaton laifin na fatar ne, domin abin da ya same ka shi ya same ni. Jima iri biyu ce. Akwai wadda ake yi da tsirrai, kamar bagaruwa da ɓawon itatuwa, tana ɗaukar makonni ko ma watanni, fatarta kuma takan fito da ƙarfi, ta tsaya inda aka ajiye ta. Akwai kuma wadda ake yi da wani sinadari da ake kira gishirin kuromiyam, wadda aka ƙirƙiro a ƙarni na 19, ana gama ta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yawancin fatar takalma da kujeru da riguna a yau irinta ce. Wannan ta biyun tana da laushi da kyan gani, shi ya sa sabon hannu yake ɗaukarta, alhali ita ce ta fi wuyar yanka, gefenta ba ya goguwa ya yi sulɓi, kuma ba ta riƙe zanen da aka buga mata.

Ni sai da na ɓata fata har sau uku kafin na koma wa jimar tsirrai. Ga lalita, nemi mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, ga bel, milimita 3 zuwa 4. Idan ka ga an rubuta kauri da oza, kowace oza ɗaya kusan milimita 0.4 ce. Ka kuma lura da wurin da aka yanko guntun, domin fatar gadon baya ta fi tsauri, ta wajen ciki kuwa sakwa-sakwa take, tana miƙewa ko da jimarta ta yi kyau.

Wata mai ɗinkin jakunkuna:
Ni daga ɗinkin tufafi na shigo, kuma sabon da na yi da yadi ne ya fara cutar da ni. A yadi idan ɗinki ya karkace sai a warware a sake, babu wanda zai sani. Fata kuwa ramin da ka huda ya zauna ke nan har abada. Jakata ta farko tana nan a wurina, da layin ramuka bakwai a fili kusa da baki, inda na yi gaggawa na huda ba tare da na ja layi ba, kuma duk lokacin da na ɗauke ta nan idona yake fara sauka.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan fara yanke siffar a kwali in gwada ta, sannan in haɗa fatun biyu da ɗan gam a gefe, in jira ya yi danƙo kafin in manna, a wurin da iska take shiga. Sai in ja layi kamar milimita 3 daga baki, in huda ramuka masu tazara ɗaya da basilla ko da ƙarfen huda mai haƙora. Ɗinkin da allura biyu ake yin sa, ɗaya a kowane ƙarshen zaren da aka shafa wa kakin zuma, dukansu su bi ta rami ɗaya, wannan daga dama, waccan daga hagu. Amfaninsa shi ne ko zare ya tsinke a wuri ɗaya, sauran ba ya warwarewa kamar na keke. Auna zaren ya kai tsawon ɗinkin sau huɗu, ka ƙara kaɗan. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kiyaye tsari: idan allurar dama ce take fara shiga, to ita za ta riƙa farawa har ƙarshe, in ba haka ba ɗinkin zai fito wani a kwance wani a tsaye. A ƙarshe ka koma baya rami biyu ko uku kafin ka yanke.

Wani dattijo:
Yaro, ba a yi maka maganar wuƙa ba, kuma nan ne jini yake zuba. Tabon da ke babban yatsana na hagu dakusasshiyar wuƙa ce ta yi shi, domin da ta ƙi ci sai na danna da ƙarfi, ta kuɓuce. Wasa ta kafin kowane aiki, ka goga ta a jikin tsohuwar fata, ka bi layin sau biyu ko uku a hankali maimakon ka nemi rabawa a tashi ɗaya, yatsunka kuma su kasance a bayan kaifi. Ƙarfen huda da gudumar katako ake bugunsa, ta ƙarfe tana lalata kansa.

Wani abu kuma: na taɓa jiƙa fatar jimar tsirrai zan buga mata zane, na bar almakashi a kanta na je salla. Da na dawo siffar almakashin ta fito baƙa ƙirin, domin sinadarin jimar idan ya haɗu da ƙarfe da danshi baƙi yake zama, kuma sabulu ba ya fitar da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ga ana sayar da akwatin kayan aiki mai ɗauke da abubuwa da yawa. In saya, ko in dakata?

Dattijon:
Dakata tukuna. Na sayi irinsa, fiye da rabin kayan har yau ban taɓa su ba. Wuƙa mai kaifi, rula ta ƙarfe, basilla, allurai biyu marasa tsini, zare, kaki da katakon da za ka yanka a kai sun ishe ka lalitar nan. Ragowar fatar da ka ɓata kuma kada ka zubar, yi layi goma na ɗinki a kanta kafin ka taɓa sabuwar.