Na'urar Guyton ta gano sirrin hawan jini ne, ko abin da aka zuba mata ta maido?

Injiniya: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana: kwamfutar analog, wadda ke kwaikwayon abu da wutar lantarki maimakon lissafi da lambobi, ita ce ta nuna cewa linzamin hawan jini yana hannun ƙoda. A shekarun 1960 Arthur Guyton, masanin aikin jikin ɗan Adam a Jami'ar Misisipi ta Amurka, ya kwaikwayi zagayawar jini da lantarki. Ƙarfin wuta ya zama matsin jini, gudun wuta ya zama gudun jini, rezisto mai rage gudun wuta ya tsaya a madadin ƙananan jijiyoyin jini, kafasita mai tara wuta kuma a madadin manya masu miƙewa. Duk inda ya murɗa, matsin sai ya koma inda ƙoda ta ajiye shi.

Dakta: Injiniya, a bi a hankali. Shi da kansa ya ɗora mata dokar cewa matsi na hawa, ƙoda na ƙara zubar da gishiri da ruwa. Wanda ya shuka gero ai ba zai girbi dawa ba. Lissafinsa kawai ta ƙarasa masa.

Injiniya: Dokar ba daga kansa ya ƙago ta ba, Dakta. A jikin karnuka aka auna ta.

Malama: Ku biyun kun tsallake ɓerayen gwajin Lewis Dahl, likitan Amurka mai binciken hawan jini. A shekarun 1970 aka cire ƙodar ɓera mai gadon hawan jini aka dasa wa wanda ba shi da gadon, ciwon ya bi ƙodar. Wannan hujja ce ta nama da jini, kuma bayan Guyton ta goya.

Dakta: Ba na musun ɓerayen, Malama. Abin da ke damuna daban ne. Guyton ya ɗauka cewa jijiyoyin da ke jin matsi a wuya su kai wa ƙwaƙwalwa labari suna sabawa cikin 'yan kwanaki su daina tsoma baki. Ke nan an fitar da ƙwaƙwalwa daga maganar tun ba a kunna na'urar ba! Gwaje-gwajen da suka biyo baya, su ma a kan karnuka, sun nuna sabawar ba ta cika.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malama, wancan babban zanen zagayawar jini da Guyton ya fitar a 1972 shi ma analog ne?

Malama: A'a. Ya yi wa wayoyi yawa, shi ya sa Guyton da abokan aikinsa Thomas Coleman da Harris Granger suka koma kwamfutar dijital.

Injiniya: To Dakta, ka ba ni lissafin ƙwaƙwalwar mu saka a ciki, mu ga ko ƙodar za ta saki linzamin.