Me za mu kira "fidbak" a ɗakin gashin ƙashi?

'Yan uwa na Makka da Jidda, ku taimaka mini da kalma ɗaya: Hausar kalmar Turancin nan "fidbak" nake nema. Aikin gashin ƙashi nake yi a Makka, kuma duk Bahaushen da ya shigo ɗakinmu ni ake kira.

Makon jiya wani dattijo ya zo daga Shari'a Mansur, shekara da shekaru yana tura keken masu sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Ya taɓa yin targaɗe a idon sawu, kumburin ya sace, ya koma aiki. Ya ce mini: "Ɗana, ƙafar nan yaudarata take yi. Ina cikin tafiya sai kawai ta lanƙwashe." Na ɗaga takalminsa, gefen waje ya cinye, na ciki kamar sabo.

Jijiyoyin da ke ɗaure idon sawu ba ɗauri kaɗai suke yi ba, suna kuma kai wa ƙwaƙwalwa labarin yadda ƙafa ta sauka. In targaɗe ya taɓa su, labarin yakan makara, kafin jiki ya gyara ƙafa ta riga ta gurɗe. Wani likitan ƙashi na Ingila, Freeman, ya bayyana haka tun 1965. Shi ya sa muke aro wa mutum labarin daga waje. Mukan tsayar da shi da ƙafa ɗaya a gaban madubi, ko kan faifan katako mai rawa. A wasu wuraren akan sa 'yar na'ura cikin takalmi, ta yi ƙara da zarar nauyi ya karkata gefen waje. Wannan shi ne fidbak.

Abokan aikina Larabawa suna cewa at-tagziya ar-raji'a. Na juya wa dattijon ita kai tsaye, "ciyarwa mai komowa", ya ɗauka maganar abinci nake yi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin wanda bai gane amfanin madubin ba, ba zai yi atisayen a gida ba.

Da farko na yi tunanin martani. Amma martani sai an gama magana ake mayarwa, kuma yana da ƙanshin faɗa. Tsokaci na masu sharhi ne. Wata 'yar uwa daga Jidda ta kawo amsa-kuwwa, kuma ta burge ni, sai dai amsa-kuwwa maimaita abin da ka faɗa take yi, ba ta nuna maka inda ka karkace.

Dattijon ne ya warware mini. Ana cikin atisaye na ce, "Baba, dubi gwiwarka a madubi." Ya daidaita, ya ce, "Wallahi ban ankara ba."

Saboda haka ni dai na tsaya kan ankararwa. Tana zuwa ne a daidai lokacin da ake abu, ba zargi a cikinta, kamar a ce wa mai ɗauke da kaya gyara kayanka. Tana kuma karɓar rabe-rabe: ankararwar ido ta madubi, ta kunne ta na'urar takalmi, ta fata in hannuna na ɗora a sawunsa. Kuma ba a ankarar da mutum har abada. Sannu a hankali muke janye madubin har ƙafar ta riƙa ankara da kanta.

'Yan uwanmu na Mai Wurno da Gadarif a Sudan, in akwai wadda ta fi wannan zama a bakinku, ku faɗa mini kafin Lahadi, ranar dattijon zai dawo.