Karafan ɗaukar kaya a rufin mota mai lantarki

Abin da masu irin motocin nan suka fi nanatawa dai shi ne ka fara duba littafin motarka ka ga nauyin da rufin zai iya ɗauka, da yawa ba sa wuce kilo 75, kuma fa har da nauyin karafan kansu a cikin lissafin. Kafin ɗaurawa a goge rufin tas, don yashi kaɗan in ya maƙale ƙarƙashin robar ƙafafun karafan sai ya kankare fenti. In rufin gilashi ne to wallahi a bi a hankali, a sa ƙafafun daidai inda kamfani ya yi alama, kar a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, gilashi na iya tsagewa. Bayan tafiyar farko a sake taɓa notikan.

Maganar caji kuwa kowa ya yarda yana saurin sauka in karafan na kan rufin, musamman in ana gudu a babban titi, iska ce ke turjewa, in an ɗora akwati ko keke abin ya fi muni. Ni dai ina tare da masu cewa a cire karafan in ba a buƙata. Fiton da suke yi in ana tafiya kuma, yawanci robar da ke toshe ramin saman ƙarfen ce ba a sa ba.