Wat 2000 bolt nawa ne?

Hajiya Ummi, Jidda:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Na sayi butar lantarki an rubuta wat 2000 a gindinta, ekstenshin ɗina kuma amfiya 13, to wat 2000 ɗin bolt nawa ke nan, kar in jona in ƙona ɗakin haya.

Mai gyaran wuta, Makka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wat ba ya komawa bolt kai tsaye, bolt shi ne ƙarfin turin wutar, amfiya yawan wutar da ke bin waya, in kin ninka su biyun shi ne wat. Wutar nan bolt 230 ce, ki raba 2000 da 230 za ki samu amfiya 8.7, ekstenshin ɗin zai ɗauka. Amma fa kar ki haɗa da dutsen guga lokaci ɗaya, za su haura 13, waya ta yi zafi har roba ta narke.

Ɗan Madina:
Gaskiya ne Malam. Hajiya ki duba soket ɗin ma, wasu tsofaffin gidaje har yanzu bolt 127 ne, ruwan zai daɗe bai tafasa ba.

Hajiya Ummi:
Allah ya saka, gidanmu tsoho ne kuwa, zan sa a auna.